Motar Alasan Direba

Duk wanda ya kwana biyu a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, ya san motar Alasan Direba, ko da bai taɓa ganin Alasan ɗin ba. Tsohuwar Fijo ce mai dogon baya, wadda aka ce a ƙuruciyarta fara ce. Yanzu kam sai ka matsa kusa ka kankare da farce kafin ka yarda. Ruwan Ibadan ba ya raga wa ƙarfe: ya bi gefen ƙofofinta ya cinye, ya huda saman tayoyi, ya mai da bayanta kalar tsofaffin kwanukan rufin garin. Duk da haka ba mai yi mata dariya a gabanta, don kowa ya san wata rana yana iya kwanciya a ciki. Ita ce ke kai mamatan unguwar maƙabarta, can bayan gari.

Alasan ya yi shekaru yana jigilar fataken goro tsakanin Ibadan da Arewa. Wata rana ya dawo daga tafiya ya tarar an sallaci wani baƙo, gawa na ajiye a rana a ƙofar masallaci, dattawa kuwa suna bakin titi suna ciniki da direbobin haya. Wannan ya ce shi ba ya ɗaukar gawa, wancan ya tsuga kuɗin da ya ga dama. Abin ya ci wa Alasan rai ƙwarai. Washegari ya cire kujerun baya, ya sa aka yi waldar wasu dogayen ƙarafa biyu a ƙasan motar, daidai faɗin makarar masallaci, yadda za a zura ta ta shige sumul ba tare da ta girgiza ba. Daga ranar ba a sake cinikin gawa a Sabo ba, kuma ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba.

Shi ya sa a kowace jana'iza, idan aka gama rufe kabari aka yayyafa ruwa, Malam Babandi limamin unguwa yakan yi wa mamaci addu'a, ya yi wa sauran mazauna maƙabartar, sannan ya rufe da cewa, "Allah ya kai ladan wannan tafiya ga Alasan mai mota." Jama'a su amsa da amin. Da Alasan ya rasu, gyara kaɗan Malam ya yi wa addu'ar, ta koma "kabarin Alasan mai mota." Kabarin kuwa yana nan a maƙabartar, kusa da wata bishiyar kashu, inda muryar Malam ke iya kaiwa.

Motar da aikinta duka sun faɗo kan ɗansa Badamasi, mai sayar da albasa a Kasuwar Bodija. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so. An dai miƙa masa makulli ranar sadakar uku, ya karɓa yana kuka, kuma a lokacin da gaske yake yi.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. Amma mutuwa ba ta san ranar da tirelar albasa ke sauka ba. Yana tsaka da ciniki, mai saye ya kama baki zai ce "na saya", sai waya ta yi ƙara: wane ya rasu, bayan azahar za a kai shi. Dole ya bar buhuna a hannun maƙwabci ya kama hanya. Idan ya ajiye motar a kasuwa, matan Yarabawa masu sayar da tattasai sukan zagaya hannu a kansu su ƙyasta yatsu don korar mugun abu, su matsar da tirensu. Matarsa Zakiyya ta gwammace ta cusa kanta cikin tasi ta zauna a kan cinyar wata da ta shiga motar mijinta. 'Yarsa Najiba kuwa, ranar da ya ce zai sauke ta a makaranta, tun daga nesa ta ce, "Abba, abeg, tsaya nan, zan ƙarasa da ƙafa." Ya tsaya, ya bi ta da kallo tana sauri kanta a ƙasa, abin ya daɗe yana sukar sa.

Ga ita kanta motar ta gaji. Ƙarƙashin ƙafar direba akwai ramin da kake hango kwalta tana gudu, ya rufe shi da katako da buhun albasa. Idan aka yi ruwa sai ya riƙa tuƙi da tsumma a kafaɗa. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta.

Abin da ya cika masa ciki ya faru ne a tsakiyar damina. Sun ɗauko gawar wani tsohon mahauci, ana yayyafi, suna hawan gangaren Mokola motar ta yi tari ta mutu. Ya murɗa makulli har yatsansa ya yi ja, ta ce ba ta san zancen ba. Dattawa suka sauko daga bas ɗin da ke biye, suka tattare riguna, suka dafa bayanta suna turawa suna salati, masu tasi na ta zuba musu ham da zagi cikin Yarabanci. Malam Babandi da kansa, da tsufansa da farin rawaninsa, ya sa kafaɗa. Badamasi ya hango shi ta madubi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya kai ta garejin Baba Rasaki mai walda, a wani lungu bayan shataletalen Mokola. Baba Rasaki Bayarabe ne, amma zaman maƙwabtaka da Sabo ya sa Hausa ta kama bakinsa, ko da yake a karkace. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta, ya yi ta ƙwanƙwasa nan da can da guduma, tsatsa na zubo masa a fuska. Badamasi na tsaye yana jira, kuma ya san abin da yake fata ya ji. So yake a ce masa ta mutu, ya samu bakin da zai ara.

Baba Rasaki ya fito yana karkaɗe kai. "Ko buru, Alaji, ba ta mutu ba. Fata ne ya lalace, ƙashi yana nan. Mu yanke ƙasa, mu sa sabon ƙarfe, mu taɓa inji kaɗan. Zai ci kuɗi, zai ci lokaci, amma za ta tashi. Irin wannan ƙarfe ba a yi yanzu."

"Ka duba da kyau kuwa, Baba?"

"Na duba mana. Ko kana so ka shiga ka gani?"

Badamasi ya ce a'a, ya ce a bar ta nan tukuna zai yi shawara. Ya tafi ransa a jagule, kamar wanda aka yi wa mugun albishir.

Da la'asar ya shiga gaishe da Gwaggo Rabi, yayar mahaifinsa, wadda ke zaune a ɗakin ƙurya na gidansu na gado. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Da yake sunan mahaifinta aka sa masa, ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai Babana. Ya same ta a kan tabarma tana goga goro a magogi, don haƙora sun daɗe da yi mata sallama.

"Babana, yau ban ji tarin 'yar'uwata ba da safe. Ina ka kai ta?"

"Tana wajen mai walda, Gwaggo."

"Madalla. An ce jiya ta ba ku kunya a Mokola. Me ya ce?"

Badamasi ya kalli tabarma. "Ya ce sai a hankali."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba gaskiya ya faɗa ba, shi ma ya sani. Gwaggo ta watsa garin goro a baki, tana mamula.

"To a bi ta a hankalin. Ni da ita tsufa ɗaya muke yi, kuma ban ji an ce za a yar da ni ba. Ga tunkiyata can a ɗaure, ta yi ƙiba har ta rasa inda za ta sa kanta. Ka kai ta kasuwa ka ƙara a gyaran."

"Haba Gwaggo, ina raye za a sayar miki da tunkiya?"

"Ba don kai zan yi ba, don ɗan'uwana ne. Kai kana ganin ƙarfe, ni kuwa ina ganin abincin Alasan. Me ya rage masa a duniya yanzu in ba wannan amin ɗin da ake yi masa ba? Duk fitar da motar nan ta yi, shi ake kai wa." Ta nuna shi da magogin. "Kuma ka ji da kyau, ita za ta kai ni wurinsa. Ka sa a liƙe mata ƙasa sosai, kada ka zubar da ni a Mokola masu tasi su taka ni."

Ta yi dariya har ta sarƙe, shi ma ya taya ta, ya ce in sha Allahu, Allah dai ya ƙara nisan kwana. Ya fito daga ɗakin jikinsa a sanyaye.

Zakiyya ba ta da irin wannan kewaye-kewayen. Tana kwashe tuwo ta ce, "Abban Najiba, ni fa ban ce ka bar aikin lada ba. Amma kai kaɗai ne mai mota a Sabo? Ga alhazai nan da manyan motoci, kowa ya lafe, an bar ka da wahala. Ka gyara ta yau, baɗi ta sake ruɓewa. O ti to, ya isa haka nan."

Maganarta ta yi masa daɗi, shi ya sa bai amsa ba.

A ƙarshen makon ya nufi wajen Ojoo, inda wani dillali ke da filin motocin tokumbo, waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka shigo da su. Dillalin ya ji yana da iyali da harkar kasuwa, sai ya ja shi kai tsaye wurin wata doguwar mota mai faɗi. Ya buɗe bayanta, ya danna wani abu, kujerun suka kwanta, wuri ya buɗe fetal. "Oga, ka ga wannan? Iyali za su shiga, kaya za su shiga, har katifa."

Badamasi bai buƙaci abin awo ba. Ya yi shekaru yana zura makarar masallacin Sabo yana zaro ta, tsawonta na cikin hannuwansa. Kallo ɗaya ya yi ya san za ta shige har a rufe ƙofa, da sauran wurin da mutum zai tsuguna a gefe. Ya tsaya yana kallon wurin nan, sai ya ji kamar wayarsa za ta yi ƙara a aljihu.

"Ba ka da ƙarama?" ya ce.

Akwai ƙarama, ruwan toka, mai sheƙi, an lulluɓe kujerunta da leda. Ya sa aka buɗe but ɗin, ya leƙa. Buhun albasa zai shiga, jakar makaranta za ta shiga. Makara kam ko an karkata ta, ko an yi mata dabara, babu hanya. Ya gaya wa dillalin cewa ƙaramar ta fi sauƙin shan mai, kuma gaskiya ne, ta fi. Amma ba mai ne ya kawo shi wurinta ba. Badamasi ya san kansa: har duniya ta naɗe ba zai iya duban idon Malam Babandi ya ce "ba zan ɗauka ba." Kunyarsa ba ta kai nan ba. Sai ya nemo motar da za ta faɗi haka a madadinsa, shi kuwa ya tsaya a gefe yana cewa wallahi da ta shiga da ya kai.

Ya sayi ƙaramar, a hanyar dawowa ya biya ta garejin Baba Rasaki. Bai ko kashe mota ba, ta taga ya yi magana.

"Baba, waccan ɗin na fasa. Ka nemi masu sayen kayan gyara, sauran ka ba 'yan gwangwan."

Baba Rasaki ya dubi sabuwar motar, ya dubi tsohuwar. "Alaji, ka tabbata? Motar babanka?"

"Na tabbata."

Sai dai bai shiga da sabuwar Sabo ba. Ya ajiye ta a bayan rumfar wani abokinsa a Bodija, ya riƙa hawa acaɓa yana komawa gida. Duk wanda ya tambaye shi motar Alasan sai ya ce tana wajen mai walda. Ya tsara zai sami Malam bayan sallar Juma'a ya yi masa bayani a tsanake, daga nan ya lallaɓa Gwaggo. Juma'a ta zo, ya ga Malam a cikin almajiransa manya ana shirin zikiri, ya ce ba yanzu ba. Wata Juma'ar ta zo, aka yi ruwa. Allah kuma ya sa a 'yan kwanakin ba a yi rasuwa a unguwar ba, har ya fara jin kamar abin zai wuce salin-alin. Gwaggo kaɗai ke tambaya kullum, "An liƙe ƙasan?" Shi kuma ya ce ana kai, ya yi sauri ya kawo zancen tunkiya ko na ciwon ƙafarta. Ya rage daɗewa a ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, yana tsaye ana sauke masa kaya. Waya ta yi ƙara, ya ga Zakiyya ce. Kuka ya fara ji kafin magana.

"Abban Najiba, ka zo. Gwaggo ce. Ta sha kokonta, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Na shiga ɗauko kwano na same ta. Ta tafi."

Ya yi salati, ya zauna a kan buhu. Bai gama dawowa hayyacinsa ba wayar ta sake ƙara, wannan karon Malam Babandi ne. Ya yi masa ta'aziyya, ya ce mata sun fara wanka, bayan azahar za a sallace ta.

"Ka biya wajen mai waldar nan ka karɓo motar, ko da bai gama ba. Ko turawa ce, sai mu tura. Ka san abin da ta sha faɗa."

"To, Allah gafarta Malam," in ji Badamasi. Abin da bakinsa ya iya ke nan.

Ya fizgi sabuwar motar ya nufi Mokola, yana roƙon Allah a fili kamar yaro. Allah ya sa masu sayen ba su zo ba. Allah ya sa Baba Rasaki ya yi nawa kamar yadda masu gareji suka saba, su da ke riƙe motar mutum har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Tun daga bakin lungun ya ji ƙarar injin yankan ƙarfe.

Ba ƙofofi, ba gilashi, ba tayoyi. Inda inji yake sai rami da baƙin mai. An ɗora abin da ya rage a kan duwatsu, wasu samari biyu 'yan gwangwan sun riga sun raba rufin da gangar jikin, tartsatsi na tashi. Katakon nan da buhun albasar da ya rufe rami da su suna yashe a cikin taɓo.

"O ti tan, Alaji, ta ƙare," in ji Baba Rasaki. Da ya ji wanda ya rasu sai ya cire hularsa, ya dafa ƙirji. Ya nuna jikin bango inda ya jingine dogayen ƙarafan nan biyu da makara ke bi. Ya ce ya hana a tafi da su, hannunsa bai yarda ba. Badamasi ya taɓa ɗaya. Tsakiyarsa ta yi santsi tana ƙyalli saboda yawan zurawa, nan kaɗai ne tsatsa ba ta ci ba a duk motar. Ya dubi ƙaramar motarsa, ya ga su ma ba za su shiga ba, ya bar su a nan.

Lokacin da ya shigo Sabo an riga an cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Mutane suka buɗa wa baƙuwar mota hanya suna leƙen ko wane alhaji ne ya zo ta'aziyya, sai ga Badamasi ya fito daga wajen direba. Ya ƙarasa gaban Malam ya durƙusa.

"Ina ta Alasan?" Malam ya tambaya a hankali.

"An yanka ta, Allah gafarta Malam. Ni na ce a yanka."

Malam Babandi ya dube shi, ya dubi motar, ya ja carbinsa. Da ya yi masa faɗa, da Badamasi ya fi samun sauƙi.

Bayan an idar da sallar gawa, wasu matasa masu zafin nama suka ce bari a gwada, ai mota mota ce. Suka buɗe but, suka buɗe ƙofofin baya, wani ya ware hannuwa ya auna makarar ya zo ya auna motar, ya sake komawa ya auna. Badamasi na tsaye yana kallonsu, ya san amsar tun a filin dillali. "Ba za ta shiga ba," in ji saurayin, "ko kusa." Maganar da ya sayi motar don a faɗa ke nan, ga shi an faɗa, a kan Gwaggo.

Alhazan masu manyan motoci kuwa, wannan direbansa ya fita da ita, wancan tana Legas. Aka ajiye makarar a inuwar masallaci, inuwar na janyewa, dattawa suka gangara bakin titi. Badamasi ya bi su. Mai bas na farko da ya ji gawa ce sai ya ja motarsa ko sallama babu. Na biyu ya faɗi kuɗi, wani dattijo ya ce haba, ya rage mana, ya ce sai dai su nemi wani. Badamasi ya ce a ba shi ko nawa ne, shi zai biya, amma direban ya ce sai an ƙara na wankin mota da na fasinjan da zai rasa, ya shiga lissafi da yatsu. A nan Badamasi ya gane inda yake tsaye. Wannan bakin titin ne, wannan cinikin ne mahaifinsa ya gani ya cire kujerun motarsa. Hawaye suka zubo masa, ba na rashin Gwaggo kaɗai ba.

Ana cikin haka sai ga Jatau, mai a-kori-kurar da ke yi wa 'yan albasa dako daga Bodija. Ya ji rasuwar a kasuwa ya biyo ya yi gaisuwa. Da ya ga abin da ake ciki ya ce a ba shi tsintsiya. Aka share bayan motar sama-sama, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora Gwaggo. Ba ƙarfen da zai riƙe makarar, sai maza suka hau suka tsuguna gefe da gefe suka dafe ta da hannu. Hadari ya taso, aka ja tamfol ɗin da ake rufe buhuna aka rufa musu.

Malam Babandi ba ya iya hawa bayan a-kori-kura, sai aka buɗe masa gaban motar Badamasi. Ledar kujera ta yi ta ƙara a ƙarƙashinsa duk lokacin da ya motsa. Suna biye da Jatau, ɓawon albasa na tasowa daga ƙarƙashin tamfol yana manne musu a gilashi. Duk ramin da a-kori-kurar ta faɗa, Badamasi na ganin makarar ta yi tsalle, hannuwa sun danne ta. Suka hau gangaren Mokola, sabuwar mota ta haye shi ba ko tari.

"Tana da lafiya," in ji Malam, yana kallon gaba. "Allah ya tsare."

Badamasi ya ci gaba da tuƙi, idonsa a kan makarar.

An yi mata kabari ba nisa da bishiyar kashun, don ta daɗe da roƙon haka. Badamasi ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan, likkafanin na ɗan warin albasa. Aka jera itace, aka liƙe da laka, aka tura ƙasa, aka yayyafa ruwa. Jama'a suka tsuguna, Malam ya ɗaga hannu.

Ya yi wa Rabi addu'a mai tsawo, ya ambaci marayun da ta goya da maƙwabtan da ta ciyar. Ya yi wa sauran mazauna maƙabartar, na da da na yanzu. Sannan ya zo wurin da kowa ya sani, har wasu sun buɗe baki suna jiran su amsa. Malam ya tsaya. Leɓunansa suka motsa kamar za su bi hanyar da suka saba, ya haɗiye. Shi mutum ne da ba ya faɗin abin da ba a yi ba, ko a gaban mutane, balle a gaban Allah.

"Wanda ya ɗauko ta," ya ce, "Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan magabatansa."

"Amin," in ji jama'a. Jatau na can baya, ya sunkuyar da kai. Aka shafa, aka miƙe, aka fara karkaɗe riguna ana neman takalma, don yayyafi ya fara sauka.

Badamasi bai shafa ba. Hannuwansa na sama har yanzu, yana jiran sauran addu'ar, alhali ya san ta ƙare. Tun ranar da aka sa Alasan a ƙarƙashin bishiyar can, ba a taɓa fita daga maƙabartar nan ba a kira sunansa ba, sai yau da aka kawo masa yayarsa. Ya juya ya dubi kabarin, ciyawar damina ta rufe rabinsa. Mutane sun yi nisa, ana ta hawa bayan a-kori-kura, wani ya riƙe wa Malam lema yana jiran a buɗe masa mota.

Ya gyara murya, ya faɗa da bakinsa, yadda Malam ke faɗa: "Allah ya kai lada kabarin Alasan mai mota."

Ya saurara. Ruwa na sauka a ganyen kashu, Jatau ya tayar da inji. Babu wanda ya ce amin.